Kwalta Mai Lambar Nutsewa

Kwalta mai lambar nutsewa ita ce baƙin daskararren man da ke saura a matata bayan an janye fetur da kananzir da dizal daga ɗanyen mai. Injiniyoyi na ce mata bitumin. Ita ce ke riƙe tsakuwa da yashi su zama titi, kuma ana rarraba ta ne bisa taurinta.

Gwajin da ya ba ta suna mai sauƙi ne. Ana zuba kwaltar a ɗan gwangwani, a sa shi cikin ruwa har zafinsa ya tsaya a digiri 25. Sai a saita bakin wata allura ta musamman daidai fuskar kwaltar, da nauyin giram 100 a kanta, a sake ta na daƙiƙa 5. Iya zurfin da ta shiga shi ne lambar, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan aka ce 60/70, allurar ta nutse milimita 6 zuwa 7 ke nan. Ƙaramar lamba, kamar 40/50, tauri take nunawa. Babba, kamar 80/100, laushi.

A Najeriya 60/70 aka fi amfani da ita, kuma duk wanda ya san bazarar Birnin Kebbi ya san dalili. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, baƙin titi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwalta mai laushi ba ta jure wannan. Inda tireloli ke tsayawa da lodin shinkafa ko albasar Aliero, sai ka ga sawun taya ya zama kwari, gefensa ya tattare kamar fatar tsohuwar ganga. Wadda ta cika tauri kuma tsagewa take yi. Raunin wannan ma'auni a bayyane yake: a digiri 25 ake gwajin, alhali hanyar Jega zuwa Yauri da tsakar rana ba ta san wannan sanyin ba. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin zafin da kwaltar ke fara saki.

Wajen aiki, ana dafa ta zuwa kusan digiri 150 ko sama kaɗan, a cuɗa da busasshiyar tsakuwa mai zafi. Kwaltar kanta kusan kashi 5 ce cikin 100 na nauyin haɗin. Kafin shimfiɗawa ana fesa wata da aka tsinka da kananzir a kan dakakkiyar ƙasa. Dole rola ta bi tun haɗin na tururi, domin in ya huce a mota ba ya dannuwa, kuma ruwa zai sami ƙofa. A jihar da fadamar Rima ke cika kowace damina, titin da ba shi da magudana da kwalbati ba ya daɗewa, komai kyan kwaltarsa.

An gina matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da sashen fitar da kwalta, akwai kuma ɗimbin kwaltar ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo. Duk da haka mafi yawan wadda ake shimfiɗawa a Kebbi daga waje take zuwa, ta sauka a tashar jiragen ruwa, tanka ta ɗauko ta zuwa arewa.