Iyayen masu sikila, ku daina tsallake ranar gwajin kai

"Ai lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ba mu dawo ba." Wallahi wannan magana ta ishe ni. Kusan duk uwar da ta shigo mana asibiti da yaro mai sikila, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, abin da take faɗa ke nan. Sai ka buɗe katinsa ka tarar an ba su ranar gwajin TCD, wato gwajin gudun jini a ƙwaƙwalwa, tun bara, ba su zo ba.

Iyayena, gwajin nan ba allura, ba ɗibar jini. Ɗan mai za a shafa a gefen kai, gaban kunne, a ɗora na'ura, ta auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Inda jijiya ta tsuke, jini sauri yake yi, kamar ruwa a tiyon da aka matse bakinsa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da ƙwallo ya baro ya zo. Idonki ba zai gano wannan ba, nawa ma haka.

Masu cewa "an yi masa sau ɗaya, an ce babu komai" su suka fi ba ni haushi. Sakamakon bara na bara ne. Daga shekara 2 zuwa 16, duk shekara ake yi. In ya faɗa tsakanin 170 da 199, ba a jira shekara, bayan 'yan watanni ake sakewa. Zazzaɓi, kuka ko barci na iya karkatar da lissafin, don haka in an ce ku dawo, ba wulaƙanci ba ne. Kuma TCD ba ya nuna tabon da ya riga ya samu ƙwaƙwalwa, wannan aikin hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne.

Na san kuɗin mota, na san layi. Amma akwai abin yi in an gano da wuri: ƙarin jini a kai a kai, ko maganin Hydroxyurea, wanda a nan Kano aka gwada shi kan yaranmu a asibitin Malam Aminu Kano, aka ga amfaninsa.

Ku duba katin yau, in ranar ta wuce ku zo hakanan, ba wanda zai kore ku. Kar a tsayar da magani don yaro ya murmure. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, a wuce asibiti nan take, kuma kar a ɗura masa ruwa ko rubutu a hanya, zai iya shaƙewa.