Jar fitila a tablo ba ta jiran sai an isa gari

Ƴan uwa direbobi na Tawa, masu taksi da masu jigilar fasinja zuwa Konni da Yamai, akwai ɗabi'ar da ke damuna ƙwarai: fitila ta kama a tablo, wato allon gaban direba, sai a ce "haka take yi", wani ma ya manna baƙin salatif a kai don kada fasinja su gani. Rufe ta ba ya gyara komai, kuma rayukan mutane kuka ɗauko.

Ku fara duba launi. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai, kamar ta sigina. Ruwan ɗorawa na nufin a kai wa bakanike ba da daɗewa ba. Ja kuwa, a nemi gefen hanya a tsaya.

Wadda ta fi saurin halaka inji ita ce ja mai siffar buta da ɗigo a bakinta. Tana nuna ƙarfin baƙin mai ya faɗi, ba ya kaiwa inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, kuma cikin ƴan mintuna inji na iya bugawa. Kashe motar, jira kaɗan a wuri mai daidai, zaro sandar awon mai, goge ta, mayar, sake zarowa. In man ya yi ƙasa, ƙara. In ya cika amma fitilar ba ta mutu ba, kada ka tuƙa ko da garin Tsarnawa na gabanka kaɗan. A ja motar.

Ta zafin inji tana da alamar ma'aunin zafi bisa ruwa. A Afrilu da Mayu, da zafinmu ke haura digiri 40, ita ce ta fi kamawa, balle an yi lodi ya wuce kima. Roƙona ga iyayen gida: kada ku tura yaron mota ya buɗe murfin radiyato da zafinsa. Ruwan ciki a matse yake, yana fesowa fuska da ƙirji. A bar inji ya huce aƙalla minti 30. In tsautsayi ya faru, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi kan ƙunar wajen minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki, sannan a nufi asibiti.

Alamar batir na nufin ba a caja shi, sau da yawa daga bel ne. A motoci da dama bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka in ta zafi ta biyo baya, a tsaya take. Da'ira mai alamar motsin rai ta birki ce: saki birkin hannu, in ba ta mutu ba duba man birki.

Mai siffar inji, in a tsaye take, ana iya lallaɓawa zuwa garaji. In tana ƙiftawa, inji ba ya ƙone mai daidai, a rage gudu a tsaya. Motocin fetur na Turai tun 2001, da na Amurka tun 1996, suna da soket mai rami 16, galibi ƙasan sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi matsalar. Ku nemi a gyara abin da ta nuna kafin a goge fitilar.

Mai shirin sayen mota ta hannu, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun su kama na ɗan lokaci, su mutu bayan inji ya tashi. In ta inji ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne, sai ka kai motar wurin bakaniken da ka yarda da shi kafin ka biya.