Bambancin Jinsi a Wallafa da Ambato Tsakanin Masana Tattalin Arziki

A jami'o'i, ana auna masanin tattalin arziki da abu biyu: yawan maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, da yawan lokutan da wasu suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Da su ake yanke ƙarin girma, a Amurka ko a Jami'ar Ghana da ke Legon. Bincike ya nuna cewa wannan mudu ba ya auna mata da maza daidai.

Tarihi

A 1971 ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta kafa kwamitin duba matsayin mata a fannin, wanda ke ƙirga su shekara-shekara. Ƙirgar ta daɗe tana nuna abu guda: mata na raguwa a kowane mataki, daga ɗalibar digirin digirgir zuwa farfesa. Sai a 2009 mace ta farko, Elinor Ostrom, ta samu kyautar Nobel ta fannin. Esther Duflo ta biyo a 2019, Claudia Goldin a 2023.

Wallafa

Binciken da ya fi jan hankali ya fara fitowa ne wajen 2017. Heather Sarsons ta bibiyi tarihin aikin malaman jami'a, ta ga cewa namiji na cin ladan maƙala ko shi kaɗai ya rubuta ko da wasu, amma macen da ta rubuta tare da namiji kasonta kaɗan ne a idon masu ba da kujerar dindindin, wato tabbatar da malami a aikinsa na jami'a. Al'adar fannin ta ƙara dagula lamarin: ana jera sunayen marubuta bisa haruffa, don haka mai karatu ba ya gane wanda ya ɗauki nauyin aikin, sai ya yi zato, zaton kuma yakan faɗa wa namiji.

Erin Hengel ta duba manyan mujallu, ta tarar rubutun mata ya fi sauƙin karantawa, kuma yana ƙara wata uku zuwa shida a hannun masu tantance maƙala kafin a wallafa ta. Wata shida ba wasa ba ne ga malamar da ke jiran ƙarin girma.

Ambato

A 2020 David Card da abokan aikinsa uku sun nazarci mujallu huɗu. Maƙalun mata sun samu ambato da ya ɗara na makamantansu na maza da kusan kashi 25 cikin 100, abin da suka fassara da cewa ana tsaurara wa mata sharaɗi: sai aikinsu ya fi na maza inganci kafin a karɓe shi. Duk da haka, Marlène Koffi ta nuna an fi tsallake aikin mata a inda ya cancanci ambato. Wasu na danganta wani ɓangare na tazarar da ke tsakanin mata da maza ga bambancin rassan da mata da maza suka fi zaɓa.

A Ghana

Waɗannan alƙaluma na mujallun Amurka da Turai ne, amma mujallun ake karantawa a Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi. Ɗalibar da ta hau tiro-tiro, wato motar haya, daga unguwar Nima ko Madina zuwa ɗakin karatu na Balme a jami'ar Legon, in ta buɗe jerin madogara a ƙarshen maƙala, sau da yawa sunan iyali da harafi ɗaya za ta gani, ba ta san mace ce ta yi aikin ba. Daga cikin sunayen da ya kamata ta sani akwai Abena Oduro ta sashen tattalin arziki na Legon, wadda ta yi bincike kan gibin mallakar kadara tsakanin mata da maza a Ghana, ta kuma shugabanci ƙungiyar duniya ta masana tattalin arziki masu nazarin al'amuran mata, wadda aka kafa a 1992.