Waiwaye: Yadda giyar manoman Beaujolais ta zagaye duniya

Kowace shekara, a Alhamis ta uku ta watan Nuwamba, da sha biyun dare, ake buɗe kwalaben sabuwar jar giyar inabi da ake kira Beaujolais nouveau. Ko wanda ba ruwansa da giya zai ga abin lura a tarihinta, don labari ne na manomi da kasuwa.

Beaujolais yanki ne na tuddai a arewacin birnin Lyon na Faransa, kuma inabinsa shi ne Gamay. Wannan inabi bai yi farin jini tun asali ba: a 1395 mai mulkin yankin Burgundy da ke maƙwabtaka, Philippe, ya ba da umarnin a tumɓuke shi daga ƙasarsa. Amma ƙasar Beaujolais ta karɓi inabin. Manoma kan zuba nonnan inabin ba tare da matsewa ba a cikin rufaffiyar ganga, tsimin ya fara tun daga cikin kowace ƙwaya. Cikin 'yan makonni giya ta yi, mara nauyi, mara ɗaci, mai ƙamshin 'ya'yan itace. Ta ma'aikatan gona ce da gidajen abinci na Lyon, kuma tana kawo wa manomi kuɗi tun kaka ba ta yi nisa ba.

A 1951 hukuma ta hana sayar da giyar yankuna masu rajistar suna, irin su Beaujolais, kafin 15 ga Disamba. Manoman suka koka, aka sassauta musu a watan Nuwamban shekarar. A 1967 aka tsayar da 15 ga Nuwamba a matsayin ranar fara sayarwa, sannan a 1985 aka koma Alhamis ta uku, don ciniki ya haɗu da hutun ƙarshen mako.

Dillalai irin su Georges Duboeuf ne suka mai da ranar biki. Daga shekarun 1970 mutanen Ingila suka riƙa tseren mota don kai kwalbar farko Landan. Japan kuwa, da rana ke riga fitowa a can, ta zama babbar kasuwar waje, cinikin ya kai ƙololuwa a 2004.

A nan ne nake jin takaicin abin. Kuɗin gaggawa ya sa aka yi ta cika ganguna ba a duba kyau, har a farkon shekarun 2000 aka rasa masu sayen rarar, aka mai da ita barasar masana'antu. Sunan yankin ya zube, ya shafi ƙananan yankunansa goma irin su Morgon da Fleurie, waɗanda giyarsu ta ajiya ce, ba ta gaggawa ba. Manoma da yawa sun tumɓuke gonakinsu, waɗanda suka rage kuma sun fi dogara yanzu da sunan ƙauyukansu a jikin kwalba.