Waiwaye: Yadda Tarkacen Jiragen Yaƙi Ya Zama Haja, da Yadda Ake Gane Na Jabu

Ranar 21 ga Afrilu 1918 aka harbo Manfred von Richthofen, matuƙin jirgin yaƙin Jamus da ake wa laƙabi da Red Baron, wanda aka ƙidaya masa jiragen abokan gaba 80 da ya kakkaɓo. Jan jirginsa ƙirar Fokker mai fiffike hawa uku ya sauko a wata gona kusa da Vaux-sur-Somme a Faransa, yankin da sojojin Ostireliya ke riƙe da shi, kuma bai wani lalace ba. Sojojin ne suka yi masa wasoso. A lokacin jikin jirgi katako ne da bututun ƙarfe, sai yadin lilin da aka shafe da wani irin fenti mai sa shi ya ɗame, saboda haka 'yar wuƙar aljihu ta isa mutum ya yanki rabonsa. Yau injin jirgin yana gidan tarihin yaƙi na Landan, sandar tuƙinsa tana Canberra, kujerarsa tana Toronto.

Abin da aka yi wa jirginsa shi ma ya sha yi wa na wasu. Richthofen kan je inda ya kayar da jirgi ya yanko ƙyallen da ke ɗauke da lambarsa, ya aika gida a manna a bangon ɗakinsa. A Ingila kuwa, da aka harbo wani jirgin Jamus mai kama da balan-balan a Cuffley cikin Satumba 1916, dubban mutane suka yi tururuwa zuwa kallo, ƙungiyar Red Cross ta riƙa sayar da guntayen wayarsa don tara kuɗin jinyar sojoji. Ke nan tun yaƙi bai ƙare ba tarkace ya samu farashi.

Inda kuɗi ya shiga, algus ba ya nisa. Jan ƙyalle mai faɗin tafin hannu da aka ce daga jirgin Richthofen ya fito ya sha bayyana a wuraren gwanjo, kuma jan fenti ba wuyar samu gare shi ba. Masu tantancewa na gaskiya ba daga ƙyallen suke farawa ba. Tambayarsu ta farko irin ta malaman hadisi ce game da isnadi: wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi, har a kai ga mutumin da ya tsaya a gonar ran nan? Sai a duba ko rundunarsa tana wurin a ranar, ko ya ambaci abin a wasiƙa ko littafin ajiyar bayanansa. In silsilar ta yanke a tsakiya, komai kyan abin, zato ne kawai.

Bayan haka ne ake komawa kan kayan. Akwai saƙar yadin da yawan zarensa, akwai jerin fenti hawa-hawa da ake gani da madubi mai ƙara girman abu. A watan Maris 1918 Jamus ta ba da umarnin sauya kuros ɗin, wato alamar gicciye, da ke jikin jiragenta, daga mai faɗin baki zuwa miƙaƙƙe, kuma a fagen daga ba sabon yadi aka sa ba, fenti aka bi tsohon da shi. Don haka kuros ɗin gaske na makonnin nan yakan nuna inuwar tsohon a ƙarƙashinsa. Mai haɗa jabu da bai san wannan ba yakan zana abu tsaf-tsaf, tsaftar kuwa ita ke tona shi. Sinadarai ma suna ba da shaida: fentin roba irin na zamani bai shigo kasuwa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yadi ko takardar da aka sa wa sinadarin ƙara haske, wanda ya yaɗu daga wajen 1950, yakan yi walƙiya a ƙarƙashin irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita.

A Yaƙin Duniya na Biyu akasarin jirage sun koma na alminiyom, zanen da ke jikinsu kuma ya bunƙasa. Ma'aikatan jiragen Amurka kan zana suna da hoto a hancin jirgi, su jera 'yan hotunan bama-bamai, kowane ɗaya harin da aka je aka dawo. Da aka gama yaƙi aka tara dubban jirage a wurare irin su Kingman a Arizona da Walnut Ridge a Arkansas, aka narkar da su. A Walnut Ridge, manajan kamfanin da ke aikin, Minot Pratt, ya sa ma'aikatansa sare zane sama da 30 da gatari kafin jiragen su shiga wuta. Suna nan har yau a hannun ƙungiyar Commemorative Air Force da ke Texas. A ganina wannan sara ya halatta, domin in ba don shi ba da babu abin da ya saura, kuma an san inda aka yi shi da wanda ya sa aka yi. Daban yake da na mai zuwa da zarto inda jirgi yake kwance lafiya.

Jabun da ya fi wuyar kamawa a yau shi ne tsohon ƙarfe na gaske da sabon zane. A samo guntun wutsiyar jirgin Jamus wanda ba ya da wata daraja, a zana masa tambarin 'yan Nazi, a goge shi da yashi ya yi kamar ya sha shekaru, farashi ya ninka. Nan ana duba ko fenti ya hau kan tsatsa da karce, alhali kamata ya yi su ne su ci fentin. Ni dai kasuwar wannan tambari ba ta kwanta mini ba ko da na gaske ne, kuma a Jamus nuna shi a fili laifi ne, sai don ilimi ko bincike.

Sai batun ɗan farantin da ke ɗauke da lambar jirgi. Jirgin yaƙin Birtaniya ƙirar Spitfire mai lamba P9374 ya faɗi a bakin tekun Calais a Mayu 1940, yashi ya haɗiye shi, ya sake ɓullowa a 1980. Aka sake gina shi har ya tashi, aka sayar a gwanjon Christie's a 2015 kan fam miliyan 3.1. Ƙarfen da ya shekara arba'in cikin ruwan gishiri ba kowane ke iya komawa sama ba, shi ya sa masana ke ta muhawara a kan irin waɗannan jirage: nawa ne na asali, nawa ne sabo da aka rataya wa tsohuwar lamba?

Birtaniya ta kafa doka a 1986 da ta hana taɓa tarkacen jirgin soja sai da lasisin ma'aikatar tsaro, kuma ba a bayarwa in ana zaton akwai gawa a ciki. Hamada ba ta da mai gadi irin wannan. Mu ma labarin bai yi mana nisa ba, tun da daga 1940 dubban jiragen da aka harhaɗa a Takoradi ta Ghana sun bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da El Fasher ta Sudan zuwa fagen yaƙin Masar. Jirgin Amurka mai suna Lady Be Good ya ɓace a hamadar Libiya a Afrilu 1943, aka hango shi a 1958 kusan yadda ya faɗi, masu ziyara suka yi ta ɓalle shi, har gwamnati ta kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jirgi ƙirar Kittyhawk na Dennis Copping, matuƙin sojan saman Birtaniya, wanda ya ɓace a yammacin hamadar Masar a Yuni 1942. Wani ma'aikacin neman mai ɗan Poland ya ci karo da shi a 2012, shekara saba'in ke nan, da fentinsa da alamominsa na asali. Ba a daɗe ba aka fara farfasa gilasansa ana kwashe na'urorin ciki. Daga baya ya bayyana a gidan tarihin soja na El Alamein, an liƙe ɓarakarsa, an shafe shi da sabon fenti, har da zanen bakin kifin shak a hanci. Wannan zane na runduna ta 112 ta sojan saman Birtaniya ne. Copping ɗan runduna ta 260 ne, kuma jirginsa ba ya ɗauke da shi ranar da aka same shi.