Injin tsere: wane kaya ake fara saye bayan an haɗa shi?

Na zuba fistin da konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) masu ƙarfi, me kuma ya rage?

Saura kayan da za su kai injin ƙarshen tseren da ransa. Tseren miƙaƙƙiyar hanya mai mita 402 daƙiƙoƙi ne an gama. Na fili mai kwana-kwana kuwa yakan ci minti 20 ko 30, wani ma sa'a 24, irin na Le Mans a Faransa. Ɗauki injin Honda K20A mai lita 2, wanda ya fito a 2001 cikin Civic Type R da Integra Type R. Yana juyi kusan sau 8,000 a minti, kuma a filin tsere can sama zai yi ta zama ba hutu. Zafi da ƙishin baƙin mai ne ke kashe irinsa.

To da wanne zan fara?

Da baƙin mai, ko da kuɗinka a nan za su ƙare. In mota ta shiga doguwar kwana a guje, man da ke kaskon ƙasan inji yakan kwarare gefe ɗaya, kamar ruwa a kwano idan an karkata shi. Sai bakin bututun famfo ya zuƙi iska. Direba mai lura zai ga allurar matsin mai ta faɗi a tsakiyar kwana, ta dawo da ya miƙe hanya. Wannan ɗan lokacin ya isa metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya gogi karanshaf ba mai a tsakaninsu. Daga baya in ka yanka matatar mai, ka baje takardarta a rana, za ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Inji ya kama hanyar bugawa ke nan.

Mafi sauƙin magani shi ne kasko mai shinge da 'yan ƙofofi a ciki, masu tsare mai kusa da bututun. Sai Accusump na kamfanin Canton, tulun da ke ajiye mai a matse, ya turo shi da zarar matsi ya faɗi. Na ƙoli shi ne tsarin busasshen kasko, inda man ke zaune a tanki daban, famfuna na kwashe shi daga ƙasan inji. Yana da tsada, kuma ba kowane ajin tsere ya yarda da shi ba, don haka karanta dokar ajinka kafin ka fitar da ko sisi.

Zafi fa?

Lagireton alminiyam mai kauri, da na'urar sanyaya baƙin mai. Amma ka toshe gefunan lagireton, domin iska hanya mai sauƙi take bi. In ta samu kafa za ta zagaye shi ta wuce. Ka sa agogon zafin mai: digiri 100 zuwa 120 lafiya ne, in ya doshi 140 ɗaga ƙafa. Filaye da yawa sun hana ruwan lagireto mai gilaikol (sinadarin hana daskarewa) saboda santsinsa in ya zube, sai ruwa zalla da ɗan sinadari.

Manyan nozul da babban famfon fetur dole ne?

Daidai ƙarfin injin kawai. Kada nozul, masu fesa fetur cikin inji, su wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na iyawarsu. Famfon Walbro mai lita 255 a sa'a ya wadatar da yawancin injuna marasa tabo (turbo, na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji). Abin da aka fi mantawa shi ne fetur ma yana gudu gefe a kwana in tanki ya yi ƙasa, shi ya sa ake ƙara ɗan tankin tsaro kafin nozul.

Akwai ƙananan kayan da bai kamata a yi musu rowa ba?

Ƙusoshin konrod, irin na kamfanin ARP, da sifirin bawul da suka dace da kamshaf ɗinka. Ina jin takaicin ganin an kashe dukiya a kan fistin, sannan a mayar da tsofaffin ƙusoshin da suka riga suka miƙe. Ɗaya ta tsinke, konrod zai fasa bulok ya leƙo waje.

Salansa da bututun shan iska?

Su jira. Sai mota ta yi zagaye 20 allurar mai ba ta motsa ba, zafi ya tsaya wuri ɗaya, sannan ka waiwaye su.