Renon fata a ɗakin gwaje-gwaje don masu mummunar ƙuna

Wata hanya ce da likitoci ke ɗiban 'yar fata daga jikin wanda ya ƙone, ba ta fi girman kan sarki ba, su reni ƙwayoyin halittarta a ɗakin gwaje-gwaje har su yaɗu su isa rufe masa jiki. Ana komawa gare ta ne in wuta ta ci jiki sosai har babu inda za a yanko lafiyayyar fata a dasa, tunda ta wani mutum jiki ba ya karɓa, bayan 'yan makonni sai ya ƙi ta.

Tarihi

A 1975 Howard Green da ɗalibinsa James Rheinwald, a jami'ar MIT ta Amurka, suka gano cewa ƙwayoyin saman fatar mutum na hayayyafa sosai in aka shimfiɗa su a kan wasu ƙwayoyin halittar jikin ɓera da ake kira 3T3, waɗanda aka hana su yaɗuwa, aikinsu kawai ciyar da na saman. Wajen 1980 aka fara gwadawa kan majinyata a Boston. Amma abin da ya sa duniya ta yarda a 1983 ya faru, lokacin da aka kawo wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga jihar Wyoming, wuta ta ci musu sama da kashi 95 cikin 100 na jiki, kowa ya cire rai, aka ɗebi ragowar fatar hammata aka rena aka lulluɓe su da ita, kuma duka biyun suka rayu.

Daga baya a birnin Perth na Ostireliya Dakta Fiona Wood da Marie Stoner suka ɓullo da fesa ƙwayoyin a kan ƙunar, aka yi amfani da shi kan waɗanda harin bam na tsibirin Bali da ke Indonesiya ya rutsa da su a 2002.

Matsaloli

Renon na cin kusan sati uku, jira ne mai haɗari ga wanda jikinsa ke buɗe, shi ya sa ake rufe shi da fatar gawa na wucin gadi. Fatar kanta sirirya ce ƙwarai, a kan bandeji mai man shafawa ake ɗauko ta, ɗan gogawa kaɗan sai ta saluɓe, kuma ba ta gashi ba ta zufa. Ga tsada. Har yanzu likitoci ba su daidaita ba kan ƙarkonta bayan shekaru.